Sabuwar Taya ko 'Yar Beljiyam: Lissafin da Mai Mota Zai Yi Kafin Ya Zaro Kuɗi

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu taya, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, ya san yadda cinikin yake farawa. Kafin ka gama kashe mota yara biyu sun tsuguna sun karanta lambar tayarka, ɗaya ya ruga ya gangaro da wata baƙa wuluk tana ƙyalli. "Alhaji, 'yar Beljiyam ce, lamba ɗaya. Michelin ce fa, dubi zane. Wallahi ta fi sabuwar Chana ƙarko." Kai kuma ka riga ka tambayi kuɗin sabuwa a shagon baya, an faɗa maka abin da ya sa ka yi shiru. Ga makaranta, ga cefane, ga mai. Sai ka ji zuciyarka ta karkata.

Ban ga laifin wanda zuciyarsa ta karkata ba. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayar motar da muke takawa daga waje take zuwa, da dala ake sayo ta. Da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 kuwa, kuɗin taya ya yi tashin gwauron zabo, kamar sauran kayan da ke shigowa ta teku. Mutumin da ya sayi ta hannu ba wauta ce ta kai shi ba, aljihu ne. Abin da nake so mu duba shi ne ko aljihun yana samun sauƙin da ake zato, da kuma wane ne zai iya ɗaukar kasadar, wane ne bai kamata ya kusance ta ba.

Ni ma na saya. A 2018, cikin zafin Afrilu, na sa wa Corolla ɗita guda biyu a baya daga wurin wani dila. Zanensu ya cika ido, ban ga faci ko ɗaya ba. Bayan sati uku, ina kan hanyar Zariya da iyali, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, sai na ji bayan motar yana wata irin rawa, ana jin dib-dib-dib kamar ana dukan ganga daga nesa. Na ɗaga ƙafa daga totur, na lallaɓa na sauka gefen titi. Tayar ba ta sace ba, iskarta cike. Amma saman zanen ya ɗago ya yi tudu kamar tafin hannu, bakin waya ya leƙo ta gefe. Na sa sifiya, muka ƙarasa wurin wani dattijo mai faci. Ya juya tayar, ya jiƙa yatsa ya goge ƙurar gefenta, ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: 1409. Ya ce, "Yallaɓai, wannan sati na 14 ne na shekarar 2009. Shekara tara ke nan. Roba ta mutu tun kafin ta zo hannunka. Ka gode wa Allah da ta ba ka sanarwa, wasu ba sa bayarwa."

Daga ranar na daina kallon zane shi kaɗai.

Taya tana da agogo biyu da ke tafiya tare. Ɗaya zane ne, wanda titi ke ci. Ɗayan shekaru ne, waɗanda ke cin robar ko da tayar tana jingine a ɗaki ba ta taɓa taka ƙasa ba. A cikin taya akwai shimfiɗun wayar ƙarfe da zare da aka manne da roba. Iska da zafi suna busar da robar sannu a hankali, mannewar ta yi rauni, har ranar da gudu da nauyi da zafin kwalta za su haɗu su raba zanen da jikin tayar. Wannan rabuwa daga ciki take farawa, inda ido ba ya kaiwa. A ƙasa irin tamu, inda Sakkwato da Maiduguri da Kano ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, agogon shekaru ya fi gudu. Ko lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka a shekarar 2000 saboda ɓarewar zane, matsalar ta fi bayyana ne a jihohinsu masu zafi, da ƙasashe irin su Saudiyya da Benezuwela.

Karanta shekarun taya ba ya buƙatar boko mai zurfi. A gefenta za ka ga haruffan DOT, sai jerin haruffa da lambobi, a ƙarshe lambobi huɗu. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin sati na 23 na 2021. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, don haka idan ba ka gani ba ka juya tayar. Idan lambobi uku ka gani, an yi ta kafin 2000, ka bar ta inda ka same ta. Idan wurin ya yi kama da an kankare ko an goge da dutse, wannan ma amsa ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gaya wa direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta. Kamfanin Ford yana cewa a canza bayan shekara shida. Michelin kuma tana cewa daga shekara biyar a riƙa kai wa masani yana dubawa duk shekara, kuma ko yaya take kada ta wuce goma. Sun bambanta a lamba, amma ka lura da abu guda: tayar da aka ƙera, Bature ya hau shekara uku ko huɗu, ta yi watanni a tara, ta yi tafiyar teku, ta kwana a rana a kasuwa, ta riga ta cinye babban rabo na wa'adin nan kowanne ka ɗauka.

Yanzu mu zo kan kuɗi, tunda saboda su ake sayen ta hannu. A nan ne mutane da yawa ke yin lissafin da bai cika ba. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. A Turai doka ba ta yarda a hau tayar da zanenta ya gaza milimita 1.6 ba, kuma masu ƙera taya sun sa wasu 'yan tudu a cikin kwarin zanen daidai wannan tsayi, da zarar zane ya yi daidai da su taya ta ƙare. Ke nan abin da kake saye a sabuwa milimita 6.4 ne na amfani. 'Yar Beljiyam mai milimita 4, wadda ido ke gani kamar rabi ya rage, abin da ya rage mata na amfani 2.4 ne kacal, wato ɗan sama da kashi ɗaya cikin uku.

Mu ƙaddara, don misali kawai, sabuwa Naira 60,000 ce, ta hannu 30,000. A sabuwa kowace milimita ta tsaya maka a 9,375. A ta hannu mai milimita 4, kowace milimita ta tsaya a 12,500. Ka ga wadda aka ce mai araha ita ce mai tsada, kuma ba a sa kuɗin ɗaurawa da balansin da za ka sake biya kusan sau uku ba, ba a sa faci ba, ba a sa ranar aikin da za ka rasa a bakin titi ba. Amma a yi adalci. Idan ta hannun tana da milimita 6, kowace milimita ta sauko ƙasa da 7,000, kuma idan shekararta biyu ce, ka yi ciniki mai kyau. Irin waɗannan suna nan: tayoyin motar da ta yi hatsari aka kwance ta alhali ƙafafunta lafiya lau, ko wanda ya canza rim ya sayar da na asali. A taƙaice, tayar da ake sayarwa rabin kuɗin sabuwa sai zanenta ya kai kusan milimita 5 kafin ma ku tashi canjaras. Ba sai ka sayi ma'auni ba. Ka tsoma tsinken ashana a kwarin zanen, ka danne da farce daidai saman roba, ka ɗora a kan rula. Ka auna a wuri uku, gefen waje da tsakiya da gefen ciki, domin tayar da ta ci gefe ɗaya, gefen da ya suɗe shi ne gaskiyarta.

Sai dai zane ma yana yin ƙarya, ta hanya biyu.

Ta farko ita ce sassaƙa. Akwai masu ɗaukar tayar da ta suɗe su bi tsohon zanen da wuƙa mai zafi su zurfafa shi, su shafe ta da baƙin mai ta fito kamar amarya. Wasu tayoyin manyan motoci an yi su da kaurin da za a iya yi musu haka, kuma an rubuta a jikinsu. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan kauri, wuƙar tana isa dab da waya ne. Alamarta, kwarin zanen ba ya tafiya sumul, za ka ga sawun wuƙa da karkacewa, 'yan tudun nan na cikin kwari sun ɓace, gefen taya ya tsufa amma zane sabo fil.

Ta biyu ta fi yaudara, domin babu wanda ya taɓa tayar. Ita ce tayar hunturu. A Jamus da ƙasashen da ke kewaye da ita mutane suna canza taya idan sanyi ya shigo, su sa wadda aka yi da roba mai laushi don ƙanƙara da yanayin da ya gaza digiri 7. Irin wannan taya ana yawan cire ta tun zanenta yana wajen milimita 4, saboda daga nan ba ta kama ƙanƙara sosai. Shi ya sa a cikin tarin 'yan Beljiyam su ne suka fi kyan gani. Ka ɗora ta a kwaltar Gusau da azahar, sai robar ta ƙara laushi, ta riƙa narkewa kamar sabulu a ruwa, birki ya ƙara tsawo, mota ta riƙa lilo a kwana. Gane ta ba wuya: akwai hoton dutse mai kololuwa uku da furen ƙanƙara a cikinsa, kuma zanenta cike yake da 'yan tsage-tsage sirara masu lanƙwasa kamar an yi da reza. Haruffan M+S su kaɗai ba su isa hujja ba, domin ana samun su a tayoyin jif da na kowane yanayi, amma idan ka gan su ka ƙara dubawa. Wasu tayoyin kuma, musamman waɗanda aka yi don kasuwar Amurka, suna da rubutun TEMPERATURE da harafin A ko B ko C a gabansa. Wannan juriyar zafi ce. Mai harafin A ce ta fi, mai C ce ta ƙarshe. A wannan ƙasa tamu ban ga dalilin sayen C ba.

Abin da ya rage shi ne tarihin tayar, kuma shi ne ba wanda zai ba ka. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita kilomita biyar babu iska ba. Wani ɓangare na wannan tarihi yana rubuce a cikinta, don haka kada ka taɓa sayen tayar hannu tana kan rim. Ka ce a ciro ta, ka kai ta rana, ka leƙa ciki da fitilar waya, ka shafa da tafin hannu. Idan ka ga baƙin gari kamar na gawayi, ko wani zobe da ya kewaye ciki inda robar ta murje, an yi tafiya da ita a sace, zaren gefenta ya karye. Ka ƙirga faci. Faci ɗaya a tsakiyar zane, na ƙusa, wanda aka manna daga ciki, ba abin tsoro ba ne, ƙa'idar masu taya ta yarda da gyaran hudar da ba ta wuce milimita 6 ba a wannan wuri. Faci a gefe kuwa, ko a kafaɗar taya, ba gyara ba ne, domin gefe shi ne ke lanƙwasa duk juyi ɗaya. Ka danna gefen da gwiwa ka ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. Ka bi bakinta inda take kama rim, ka tabbata bai yage ba, wayar ba ta lanƙwashe ba. Bayan an ɗaura an ba ta iska, ka sake shafa gefenta ka ji ko akwai ƙullutu. Mai taya na kirki ba zai hana ka wannan bincike ba. Wanda ya fara gaggauta ka, ka yi masa sallama.

Akwai kuma maganar doka. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su Najeriya, ban da wasu manya na tirela da ake kawowa don sake musu zane. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce duk 'yar Beljiyam da ka gani ta ɓarauniyar hanya ta shigo, babu hukumar da ta duba ta, babu takardar da za ka riƙe.

To sabuwa fa? Ita ma ba a saye ta ido rufe. Akwai sabuwar da ta shekara huɗu a sito, ledarta ba a ɓare ba amma agogonta ya yi nisa, don haka lambobin nan huɗu ka karanta su ko a sabuwa, ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, in ya yi yawa biyu. Akwai kuma wata muguwar dabara da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta sha kamawa: a cusa taya uku ko huɗu ko biyar cikin guda ɗaya don kwantena ta ɗauki da yawa. Wajen cusawa da zarewa bakin tayar yana lanƙwashewa, wayar ciki ta ji rauni. Sabuwa ce a suna, amma da ciwo ta iso. Idan ka ga sabuwar taya ba ta tsaya da'ira sosai ba, bakinta ya buɗe fiye da ƙima ko ya matse, ko akwai sawun ƙarfe a bakin, kada arahar ta ja ka.

Maganar "sabuwar Chana" kuma tana buƙatar a warware ta. Chana ƙasa ce, ba kamfani ba. Akwai manyan masana'antu irin su Triangle da Linglong da Sailun da Westlake da ke sayar da taya har Turai, akwai kuma sunayen da ba wanda ya taɓa ji, yau ka gan su gobe sun ɓace. Tsakanin waɗannan da su Michelin da Bridgestone da Continental akwai matsakaita, irin su Maxxis ta Taiwan da Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu. Gaskiya ne sabuwar Michelin ta fi sabuwar Linglong kama titi a ruwan sama, kuma yawanci ta fi daɗewa. Amma ba wannan ne zaɓin da ke gabanka a layin masu taya ba. Zaɓinka shi ne Michelin mai shekara bakwai da ba ka san inda ta bi ba, ko sabuwa 'yar matsakaicin kamfani da aka yi bara. A kan babban titi, cikin zafi, ni ta biyun nake ɗauka, ba na ko waiwaye.

Ko sabuwa ko tsohuwa, lambar girma da ta nauyi dole su dace da motarka. A rubutu irin 195/65 R15 91H, lambar 91 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Wannan ya fi shafar masu bas. Hiace tana son taya mai harafin C a bayan lambar girmanta, irin 195R15C 106/104, wadda guda ɗaya ke ɗaukar kilo 950. Sau nawa muke ganin bas cike da mutum goma sha takwas da buhuna a sama, a kan tayar da aka yi wa ƙaramar mota, don kawai ta shiga rim? A kasuwar 'yan Beljiyam wannan kuskure ya fi sauƙin faruwa, domin abin da aka samu ake ɗaurawa, ƙafa huɗu kamfani huɗu.

Saboda haka amsar ta danganta da hanyar da motar ke bi. Wanda motarsa ba ta fita gari, daga gida sai ofis sai kasuwa, ba ya wuce kilomita 50 ko 60 a awa, zai iya hawa tayar hannu idan ta cika sharuɗɗan nan: ba ta wuce shekara uku ba, zane ya kai milimita 5, ba ta hunturu ba ce, cikinta lafiya. Idan ta ba shi matsala a Zoo Road da irin wannan gudu, abin da zai yi asara lokaci ne da kuɗi. Haka wanda ke shirin sayar da mota nan da wata biyu, ko mai neman sifiya, ko wanda taya ɗaya ta fashe masa a garin da ba sabuwa yana neman abin da zai kai shi gida.

Amma mai bin Kano zuwa Abuja, ko Kano zuwa Maiduguri, ko Sakkwato zuwa Kwantagora, da duk direban haya da ke ɗaukar rayukan mutane a Sharon ko Golf ko Hiace, wannan ban ga masa hanya ba sai sabuwa. Fashewar taya a kilomita 100 a awa wani abu ne daban. A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta jif ɗinsu ta fashe motar ta wuntsila. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya ambaci gudu da taka birki da ƙarfi bayan fashewar. Ban kawo wannan don in ce tayar hannu ce ba. Na kawo shi ne don a ga abin da fashewar tayar baya ke yi ko ga babbar mota mai tsada, balle Golf mai shekara talatin da mutum shida a ciki.

Wannan ya kawo ni ga wanda kuɗinsa bai kai na sabuwar taya huɗu ba, wato yawancinmu. Ka sayi biyu sababbi yanzu, biyu bayan wata biyu ko uku, ya fi ka sayi huɗu 'yan Beljiyam rana ɗaya. Direbobinmu sun saba sa sababbin a gaba, suna cewa can sitiyari yake, can injin yake. Masu ƙera taya kuwa baya suke cewa a sa, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: idan gaba ya zame ko ya fashe kana da sitiyari a hannu da za ka yi kokawa da shi, idan baya ya ƙwace mota juyawa take yi, ba abin da za ka riƙe ta da shi. Ka sa sababbin a baya, ka zaɓi mafi lafiya biyu cikin tsofaffin ka mayar gaba, idan su ma ba su da lafiya to ba maganar tafiya mai nisa tukuna.

Kuma sabuwar ma kana iya kashe ta cikin wata shida. Masu faci da yawa suna dura iska har 45 ko 50, su buga tayar da sifana su ce ta yi. Lambar iska da ke jikin taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Abin da motarka ke so yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Ka sayi gejinka na aljihu, ka auna da safe kafin mota ta yi tafiya, sau ɗaya a sati biyu, da kuma duk ranar da za ka hau babban titi. Iskar da ta yi kaɗan ta fi wadda ta yi yawa haɗari, domin ita ce ke sa gefen taya lanƙwasa yana ɗaukar zafi. Ranar da ka ɗaura sababbi, ka sa a canza bawul, a yi balansin, ka wuce wurin alaimen kafin ka koma gida.